Muhawara: Idan ilimi kyauta ne, wa zai sayi littafi da fensir?

Malamar Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a firamaren gwamnati, inda ba a karɓar kuɗin makaranta. A ajina akwai wani yaro mai littafin rubutu guda ɗaya tak. Lissafi yana yi daga gaba, harshe daga baya, sauran darussa kuma yana cusa su a tsakiya. Da littafin ya cika, sai na gan shi yana lasar yatsa yana goge aikin zangon da ya wuce don ya samu wurin rubuta na yau, har takardar ta huje. Na tambaye shi, ya ce babansa ya ce a jira ƙarshen wata. Mako biyu yana zaune yana kallon allo, hannunsa a kan cinya.

Tambayata ita ce: wannan yaron yana samun ilimi kyauta? An buɗe masa ƙofa, an ba shi wurin zama, amma abin da zai kama darasin da shi babu. Ni a ganina duk abin da darasi ba ya yiwuwa sai da shi, wato littafin karatu, littafin rubutu, fensir, biro, ruler da kayan lissafi, ya kamata ya shiga cikin haƙƙin. Me kuka gani?

Baban Huɗu:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri kan kula da yaran nan. Amma ni ban yarda ba. Gwamnati ta gina aji, ta biya malami, ta sa kujeru, sai kuma fensir ma a ce ita za ta saya? To uba mene ne nasa? Ni ina da huɗu a makaranta, kuma ba mai kuɗi ba ne ni, amma na san tun ranar da aka haife su akwai nauyin da ya hau kaina. Kuma na lura da abu guda: littafin da na saya da gumina, yarana suna yi masa bango, suna ɓoye shi daga ruwa. Wanda aka raba musu kyauta wata shekara, kafin zango ya ƙare an yage rabinsa an yi jirgi da shi. Abin da mutum bai sha wahalarsa ba, ba ya sanin darajarsa.

Ɗalibar Shari'a:
Baba, da girmamawa, bari in kawo abin da dokokin duniya suka ce, don mu san inda muka tsaya. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, a sashe na 26, ta ce ilimi zai zama kyauta, aƙalla a matakin farko, kuma na dole. Yarjejeniyar haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ta 1966 ta maimaita haka a sashe na 13, ita ma Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 a sashe na 28. Babu ɗaya cikinsu da ta ambaci fensir da sunansa, wannan gaskiya ne. Sai dai a 1999 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar 1966 ya fitar da bayani na 11, inda ya fassara kalmar kyauta. Ya ce kuɗaɗen da ke shigowa ta bayan gida, kamar harajin da ake ɗora wa iyaye a kira shi gudummawar son rai alhali dole ne, ko tilasta yunifom mai tsada, su ma suna iya zama cikin abin da aka hana.

Abin lura a nan shi ne kalmomin nan biyu tare suke tafiya: kyauta da dole. Idan hukuma ta ce tilas ka kawo ɗanka, har tana iya hukunta ka in ka ƙi, ba daidai ba ne ta tsaya a bakin ƙofa ta miƙa maka jerin abin da sai ka saya kafin a koya masa. An ba ka da dama an karɓe da hagu ke nan.

Baban Huɗu:
'Yata, na ji. Amma kin faɗa da bakinki cewa ba a ambaci kayan karatu ba. Fassara ce kawai, kuma fassarar kwamiti ba hukuncin kotu ba ce.

Ɗalibar Shari'a:
Haka ne Baba, kuma kotuna ma sun rabu a kai, ba zan ɓoye ba. A Japan, tsarin mulki ya ce ilimin dole kyauta ne, amma a 1964 kotun ƙolinsu ta yanke cewa ma'anar ita ce kada a karɓi kuɗin koyarwa, littattafai ba su shiga ba. Ka ga wannan ya goyi bayanka. Sai dai majalisarsu ba ta jira kotu ba, ta riga ta yi doka, aka fara raba littattafan karatu kyauta daga 1963, aji bayan aji, zuwa 1969 an game duk shekarun ilimin dole. Har yau haka ake yi.

A ɗaya ɓangaren, kotun ƙolin jihar Mishigan a Amurka ta yanke a 1970 cewa littattafai da kayan karatu ginshiƙi ne na makarantar gwamnati, don haka ba a cajin iyaye a kansu. A jihar Kalifoniya, bayan ƙarar da aka shigar a 2010, an yi doka a 2012 da ta ce duk kayan da ake buƙata don shiga darasi makaranta ce za ta bayar. A Afirka ta Kudu kuwa, bayan da littattafai suka ƙi isa makarantun lardin Limpopo a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta yanke a 2015 cewa kowane ɗalibi yana da haƙƙin samun littafinsa na kowane darasi tun farkon shekarar karatu. Indiya ma a dokarta ta 2009 ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 14 ba za a ɗora masa wani kuɗi ko ɗawainiya da za ta hana shi kammala karatun farko ba. Wannan lafazin ya fi burge ni, domin ya kalli abin da ke hana yaro karatu ko da wane suna aka sa masa.

Mai Kasafi:
Ni aikina lissafin kuɗin hukuma ne, don haka ku yi mini uzuri in na zo da ruwan sanyi. Rubuta haƙƙi a takarda abu ne mai sauƙi. A yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, albashin malamai ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin ilimin firamare, abin da ya rage shi ake rabawa tsakanin gini, gyara, horo da kayan aiki. Idan kuka ce a saya wa kowane yaro komai, daga ina za a yanko? Daga ɗaukar sababbin malamai? Daga rufin ajin da ke yoyo?

Ku dubi abin da ya faru da aka soke kuɗin makaranta. Yuganda a 1997, yaran da ke firamare sun tashi daga kusan miliyan 3 zuwa sama da miliyan 5 cikin shekara guda. Kenya a 2003, sama da yaro miliyan ɗaya suka ƙaru. Abin farin ciki ne, amma azuzuwa sun cika maƙil, malami ɗaya da yara fiye da yadda zai iya. A Yuganda ma tsarin ya bar wa iyaye littafin rubutu, biro da yunifom, domin gwamnati ta san iya ƙarfinta. A taron ilimi na duniya da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 ƙasashe sun amince su riƙa ware kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na arzikin da suke samarwa, ko kashi 15 zuwa 20 na kasafinsu, ga ilimi, kuma da yawa har yanzu ba su kai ba. Ni shawarata a taimaki marasa hali kawai, mai hali ya saya wa ɗansa. Faransa tana da irin wannan tun 1974: kafin a koma makaranta ana ba iyalai masu ƙaramin samu kuɗin sayen kayan 'ya'yansu.

Uwar Marayu:
Malam Mai Kasafi, Allah ya ƙara sani. Ni ban iya lissafinku ba, amma wannan taimakon marasa hali na ɗanɗana shi. Bayan rasuwar ƙanena na ɗauki 'ya'yansa uku na haɗa da nawa. Makarantarsu ta ce za a ba mabuƙata kayan karatu, sai a kawo shaida. Na yi sawu uku kafin a sa hannu a takardar. Ranar rabo, a filin taron safe aka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, gaban duk makaranta, suka fito suka karɓa. Babbar, mai shekara goma sha biyu, ta dawo gida ta ajiye ledar a bayan ƙofa, ba ta ce uffan ba. Littattafan an buga musu hatimi a bango, kowa ya gani ya san na taimako ne. Sai da na samo takarda na rufe bangon kafin ta yarda ta tafi da su. Shekarar da ta biyo baya ta roƙe ni kada in sake rubuta sunanta.

Kuma mu da muka samu ke nan. Akwai maƙwabciyata da mijinta yana raye amma ba ya aiki, ita ba ta shiga jerin ba, don ba marayu ba ne. Wa zai tantance talauci? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an ba kowa, babu wanda za a nuna da yatsa.

Ɗalibar Shari'a:
Mama, Allah ya ba ki ladan riƙon marayu. Abin da kika faɗa kotun ƙolin Kalifoniya ta taɓo shi tun 1984: ta ce yafe wa talaka kuɗin da makaranta ke caja bayan ya nema ba ya halatta cajin, domin abin da yake haƙƙi ba a sa mutum ya roƙe shi.

Tsohon Hedimasta:
Na karanta duka, kuma ina tare da Malama a zuciya. Amma na riƙe makaranta shekara goma sha tara, akwai abin da nake so ku sani kafin ku ɗauka da an ce a raba shi ke nan. Wata shekara aka kawo mana littattafan karatu katan-katan. Na sa hannu na karɓa, aka gaya mini duk wanda ya ɓata ni zan yi bayani, kuma babu wanda ya ce mini ga ranar da wasu za su sake zuwa. Me kuke zato na yi? Na kulle su a sito, ina fitar da kaɗan-kaɗan, littafi ɗaya ga yara biyar, a tattara kafin a tashi. Bayan shekara biyu na buɗe katan na ƙasa, gara ta shiga ta cinye su tun daga tsakiya, suna cikin ledarsu ko buɗewa ba a yi ba. Na tsaya a wurin na daɗe. Yaran da aka kawo wa littattafan sun riga sun wuce aji biyu ba su taɓa su ba. Wannan abu har yau yana damuna.

Saboda haka ni abin da nake cewa, haƙƙin kada ya tsaya a kan sayowa. Ya zama an san lokacin zuwansu kowace shekara, an yarda cewa littafi yana tsufa yana yagewa, kuma hedimasta ba zai shiga uku don yaro ya yi amfani da abin da aka kawo domin shi ba.

Ɗan Bincike:
Ranka ya daɗe, abin da ka ba da labari ba kai kaɗai ba ne. Masu binciken Bankin Duniya sun bi sawun wani rabon littattafai a Saliyo, suka tarar da yawa an adana su ba a ba yara ba, kuma dalilin shi ne shugabannin makarantu ba su da tabbacin za a sake kawo wasu. Akwai kuma binciken da masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa suka yi a yammacin Kenya, wanda aka wallafa a 2009. An ba makarantu littattafai, amma makin yawancin yara bai ɗaga ba, sai na waɗanda dama su ne kan gaba. Littattafan da Turanci aka rubuta su, wanda ga yawancin yaran harshe na uku ne, kuma sun fi ƙarfin karatunsu. Haka rabon ƙananan kwamfutoci ga yaran karkara a Peru: binciken da aka yi bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba.

Amma kada Baban Huɗu ya yi saurin cewa ga shi nan. A wannan yanki na Kenya dai, Esther Duflo, Pascaline Dupas da Kremer sun gwada ba 'yan aji shida yunifom kyauta a makarantu masu yawa. Barin makaranta ya ragu, ɗaukar ciki da auren wuri a tsakanin 'yan mata ma sun ragu. Abin da na fahimta shi ne, cire wa iyaye ɗawainiya yana riƙe yaro a makaranta, wannan ya tabbata. Shi kuwa ko zai koyi wani abu, ya danganta da ko kayan sun dace da shi kuma malami yana aiki da su.

Malamar Aji Uku:
Na gode Malam. Wannan na littafin da ya fi ƙarfin yaro na sha gani. Amma ku lura, duk misalan da suka gaza manyan kaya ne, littafin karatu da kwamfuta. Ni kukana ya fi yawa a kan ƙananan. Yaro ba ya koyon rubutu da kallo. Sai hannunsa ya yi harafin sau ɗari, ya karkace, a gyara masa, ya sake. Ranar da babu fensir da takarda, ranar ta tafi a banza ko da malamin ya fi kowa iyawa. Kuma mu malamai mu ne muke cike giɓin a ɓoye. Ina da gwangwani a teburina cike da guntayen fensir, wasu da ƙyar nake iya riƙe su da yatsu biyu, ina karya sabo gida biyu in fiƙe kowane ɓangare. Daga albashina nake saya.

Ɗan Bincike:
Malama, ko a Amurka haka ne. Ƙididdigar ma'aikatar iliminsu ta nuna kashi 94 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati sun kashe kuɗin aljihunsu kan kayan aji a shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015, ba tare da an mayar musu ba.

Mai Kasafi:
To bari in sassauta, domin maganar Mama ta taɓa ni, kuma gaskiya tantance mabuƙata shi kansa yana cin kuɗi da ma'aikata. Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa a matsayina na mai lissafi: hukumar da za ta sayi littafin rubutu miliyoyi a lokaci guda za ta same shi da arha sosai fiye da uban da ke sayen ɗaya-ɗaya. Kuɗin dama al'umma ce ke biya, ko ta haraji ko ta aljihun iyaye, kuma ta aljihun iyaye ya fi tsada, ya fi kuma danne talaka. Meziko tana buga littattafan firamare tana rabawa kyauta tun da ta kafa hukumar yin haka a 1959, ba ta jira ta zama ƙasa mai arziki ba.

Tsorona ɗaya ne, kwangila. Inda aka tara sayayya wuri guda, nan ɓeraye ke taruwa. A Yuganda an bi sawun kuɗin da ake tura wa makarantu bisa yawan ɗalibai tsakanin 1991 da 1995, aka ga kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa. Da gwamnati ta fara buga adadin da ta tura a jaridu, makarantu kuma suna liƙa shi a allon sanarwa, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Don haka in za a yi, a tura kuɗin kai tsaye asusun makaranta, a liƙa lissafin inda kowane uba zai gani.

Baban Huɗu:
Na ji hujjojinku, kuma na yarda da batun littafin karatu, don shi dama aro ne, a mayar a ba na baya. Amma ina iyakar abin? Yau fensir, gobe jaka, jibi takalmi, gata a ce wayar hannu da kuɗin intanet tunda ana ba da aikin gida ta can. In ba a ja layi ba, ba ranar tsayawa.

Tsohon Hedimasta:
Alhaji, layin yana da sauƙin ja, ni na yi aiki da shi a shekaruna na ƙarshe. Na ce wa malamaina: duk abin da za ka kori yaro ko ka rage masa maki don bai zo da shi ba, to makaranta ce za ta samar. In ba za mu iya samarwa ba, ba mu da ikon tilastawa. Ka san me ya faru? Jerin kayan da muke ba iyaye ya ragu da fiye da rabi. Malamin da ke neman littafin rubutu uku don darasi ɗaya ya gano ɗaya ya isa. Mai neman kalkuleta iri kaza ya haƙura da guda goma da ake ajiyewa a aji ana karɓa-karɓa. Yawancin tsadar daga wurinmu take fitowa, saboda mai rubuta jerin ba shi ne mai biya ba.

Jaka da takalmi yaro zai sa ko da makaranta ko babu, wannan na uba ne. Intanet kuwa, in malami ya ba da aikin da sai da shi, to ya shiga ƙa'idar. Finlan da ta ɗaga shekarun ilimin dole zuwa 18 a 2021, sai ta mayar da littattafai da kayan aikin babbar sakandare kyauta, har da kwamfutar da ake buƙata don karatun. Da suka faɗaɗa dolen, sai suka faɗaɗa kyautar tare da shi.

Baban Huɗu:
Wannan ƙa'idar ta shige ni, ranka ya daɗe. Saura batun ɓarna da na fara da shi, har yanzu ba wanda ya amsa mini. Yaron da ya ɓatar da fensir uku a mako, haka za a yi ta ba shi?

Malamar Aji Uku:
Baba, a ajina fensir ba ya zuwa gida. Kowane layi yana da mai rabo, da safe ya ƙirga ya raba, kafin a tashi ya ƙirga ya mayar gwangwani, kuma ana juya aikin duk mako don kowa ya taɓa riƙon amana. A zango guda waɗanda suka ɓace ba su kai goma ba, a aji mai yara sama da sittin. Littafin rubutu kuma ba na ba da sabo sai an kawo mini tsohon na duba ya cika shafi-shafi. Littafin karatu ne kawai nake so a bar su su tafi da shi gida, domin wasunsu shi ne littafi ɗaya tilo da zai shiga gidan, ƙannensu ma su buɗe su ga hoto. In ya ɓace, a zauna da uban a ji yadda aka yi, amma kada a hana yaron shiga aji a kan haka.

Uwar Marayu:
Malama, yunifom fa? Shi ya fi kayar da ni, uku a lokaci guda, kuma yara suna girma kullum.

Malamar Aji Uku:
Mama, bisa ƙa'idar Hedimasta, in ana kora a kansa to ya shiga. Ko makaranta ta bayar, ko ta bar yaro ya zo da tufafinsa masu tsabta. Muna da taron iyaye da malamai mako mai zuwa, zan kai maganar jerin kayan da ta kora. Ɗalibar Shari'a, don Allah ki rubuto mini abin da bayani na 11 ya ce kan gudummawar da ake kira ta son rai, da Hausa mai sauƙi, in karanta musu a wurin.

Ɗalibar Shari'a:
To Malama, zan turo miki da daren nan in sha Allah.